Sharhin The Wild Robot: Fim ɗin Yara ne, ko na Masu Renon Yara?

A gidaje da yawa, da zarar an ga dabbobi suna magana a fuskar talabijin, sai a yanke hukunci cewa wannan abin yara ne, a tara su a falo a kunna musu, manya kuma su koma ga harkokinsu. Ni ma da wannan niyyar na kunna The Wild Robot a wani dare na hutun makaranta, na zaunar da autarmu mai shekara 5 da yayanta mai shekara 9 da ɗiyar ƙanwata mai shekara 14, da nufin in ba su wuri bayan 'yan mintuna. Ban tashi ba sai da mintuna 102 na fim ɗin suka ƙare, kuma gwaggona, wadda wucewa kawai ta zo yi, ita ma ta samu gefen tabarma ta zauna har ƙarshe. Da abin da na gani a fuskokin mutanen nan huɗu zan auna fim ɗin.

Kamfanin DreamWorks Animation ne ya fitar da shi a Amurka a watan Satumba na 2024. Chris Sanders ne ya tsara labarin ya kuma ba da umarni, daga wani littafin yara da Peter Brown ya wallafa a 2016. Labari ne na wata na'ura mai siffar mutum, ROZZUM 7134, wadda ake kira Roz, da igiyar ruwa ta jefo a wani tsibirin da babu ɗan Adam ko ɗaya. An ƙera ta ne domin ta karɓi aiki ta kammala, amma duk dabbar da ta tunkara da tayin taimako sai ta ɗauke ta dodo, ko dai ta gudu ko ta kai mata hari. A cikin wannan gudun tsira ne ta faɗa kan sheƙar dinya, uwar ta mutu, ƙwai suka farfashe, saura guda ɗaya tak. Da ɗan tsakon ya ƙyanƙyashe, Roz ya fara gani, sai ya ɗauke ta uwa. Wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce, domin haka 'ya'yan dinya suke manne wa abin da suka fara gani yana motsi, kamar yadda masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Austriya, Konrad Lorenz, ya nuna tun da daɗewa.

Ƙaramin yaro yana da rabonsa a nan, kuma ba kaɗan ba ne. Farkon fim ɗin kusan babu doguwar magana, motsi ne da faɗuwa da tsere, don haka Turancin da aka yi shi da shi bai zame wa autarmu shinge ba. Ta yi ta dariya har da tafi. Zanen kuwa abin yabo ne, domin bishiyoyi da duwatsu da ruwa duk sun fito kamar an shafa su da burushin mai zane a kan allo, ba irin sulɓin katun ɗin kwamfuta da idon yara ya saba da shi ba. Akwai inda dubban malam-buɗe-littafi suka tashi daga jikin wata bishiya lokaci guda, kuma a wannan wurin duk falon shiru ya yi.

Sai dai dajin da aka nuna daji ne na gaskiya, inda mai ƙarfi yake cin mai rauni, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba. Mutuwa ma ta zama abin raha a wurare da dama. Akwai wata uwa, dabba mai kama da gafiya da take goye da 'ya'yanta bakwai, wadda aka ji kururuwa a bayanta sai kawai ta rage lissafinsu zuwa shida ba tare da ta razana ba, kafin ɗan ya dawo da ransa. Ni da gwaggo da yarinya mai shekara 14 muka yi dariya, autar kuwa ba ta fahimci komai ba. Abin da ta fahimta shi ne fikafikin nan da ke kwance a ƙarƙashin rusasshiyar sheƙa. Ta juyo ta ce, "Abba, ina mamarsa ta tafi?" Dole na dakatar da fim ɗin na ɗora ta a cinya na yi mata bayani gwargwadon hankalinta.

Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Tatsuniyoyin da muka taso da su ba su rasa mutuwa da tsoro ba: kura tana cinye mutane, Dodo yana haɗiye yarinya, marainiya tana shan wuya a hannun kishiyar uwa. Amma mai ba da tatsuniya tana zaune tana kallon idon jikokinta, idan ta ga tsoro ya yi wa ƙaramin yawa sai ta sassauta murya, ko ta gaggauta kai labarin inda za a yi dariya. Talabijin ba ta ganin fuskar yaro. Wanda ya kunna wa ɗan shekara 5 wannan fim ya fita, ya bar shi da tatsuniyar da babu kaka a gefe.

Zuciyar fim ɗin kuwa a wani wuri take, wurin da yaro bai kai ba tukuna. An shaida wa Roz cewa aikinta uku ne: ta koya wa ɗan tsakon, wanda ta raɗa wa suna Brightbill, cin abinci da iyo da tashi sama kafin lokacin ƙaurar tsuntsaye, in ba haka ba hunturu ya hallaka shi. Ta ce ba a tsara ta domin zama uwa ba, aka ba ta amsa cewa babu wanda aka tsara haka, kowa a kan hanya yake koyo. Mataimakinta wani ɗan uwan dila ne mai jan gashi, Fink, mai wayo da ƙarya irin na malamin daji, wanda da farko ƙwan ya so ya shanye. A hankali ana ganin yadda reno yake cin jikin Roz: ƙarfenta ya ƙoƙe, gansakuka ta fito mata, ƙafarta ta lalace har aka maye ta da itace. Lupita Nyong'o, 'yar Kenya da ta ba Roz murya, ta yi aiki mai wuyar gaske, domin ta faro da muryar na'ura mai fara'ar dole, sannan ta riƙa sanyaya ta sannu a hankali har mai sauraro ya kasa tuna lokacin da ta zama muryar uwa.

Sannan ranar da duk mai riƙo yake fargaba ta zo. Brightbill ya girma, 'yan uwansa dinya suna yi masa gori, ya gano yadda mahaifiyarsa ta mutu, ya juya wa Roz baya ya ce ita ba uwarsa ba ce. Gwaggona ta riƙe yara uku da ba ita ta haife su ba, ta aurar da biyu daga ɗakinta. Ba ta jin Turanci, ni nake ɗan fassara mata, amma a wannan wurin ta ɗaga mini hannu alamar in bari, ta ja bakin mayafinta ta share ido. Ɗiyar ƙanwata kuma bayan Brightbill ta bi, ta ce ai da tun farko aka gaya masa gaskiya da bai ji ciwo haka ba. Gwaggo ta amsa mata da cewa, "'Yar nan, gaskiyar ma sai an jira ta yi daidai da bakin mai haɗiyarta." Daga baya tsohon jagoran garken ya bayyana cewa Brightbill shi ne mafi ƙanƙanta da rauni, irin wanda daji ba ya bari ya rayu, don haka hatsarin da ya raba shi da danginsa shi ne kuma sanadin rayuwarsa. Wannan magana ce ta ƙaddara, kuma sai wanda ya ga jiya ya ga yau zai ji nauyinta. Haka kuma wurin da garken ya tashi, kiɗan Kris Bowers yana hauhawa, Roz ta bi su da gudu har bakin dutse ta tsaya tana kallon sama ita kaɗai: duk wanda ya taɓa raka ɗiya ɗakin miji ko ya ajiye ɗa a makarantar kwana ya san wannan tsayuwar.

Yaron mai shekara 9 shi ne a tsakiya. Gorin da aka yi wa Brightbill ya ɓata masa rai, horon tashi da wani shaho ya ba shi ya burge shi, kuma shi ne ya lura da gadar Golden Gate ta Amurka nutse a cikin teku, manyan kifaye suna iyo a samanta, ya tambayi abin da ya faru da garin.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne kashinsa na ƙarshe. Bayan an gina labari mai natsuwa, sai kamfanin da ya ƙera Roz ya turo rundunar na'urori, aka shiga harbe-harbe da gobarar daji da hayaniya, kamar masu shirin sun ji tsoron kada yara su gaji da shiru. Sulhun da aka ƙulla tsakanin masu ci da waɗanda ake ci ma an yi shi cikin gaggawar da ba ta gamsar da ni ba. A nan ne autarmu ta ɓoye fuskarta a ƙirjina, ba ta ɗago ba sai da wutar ta mutu.

A Amurka an ba fim ɗin alamar PG, wato shawarar cewa iyaye su sa ido, kuma ya shiga takarar Oscar a rukuni uku. A ganina, yaro daga shekara 8 zuwa sama zai amfana da shi sosai, matashi zai ga kansa a cikinsa, amma mafi girman rabo na iyaye ne da masu riƙo. Wanda bai kai shekara 6 ba kada ya kalle shi sai da babba a gefe, kuma da rana ya fi. Washegari autarmu ta nemi a sake kunna mata wurin malam-buɗe-littafi kawai, gwaggo kuwa ta ce in ajiye fim ɗin sai ranar da babbar ɗiyar riƙonta za ta zo ganin gida.