Yaya, a dakata da sayar da gonar

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji kuna shawarar sayar da gona a kawo Inna Faransa saboda allurar murya. Don Allah ku dakata tukuna.

Allurar akwai ta nan Lyon, sai dai ciko ce, ba ta warkar da komai. Cikin maƙogwaro akwai tantani biyu da ke haɗuwa su kaɗa, murya ta fito. Aikin maƙoƙo kan taɓa jijiyar da ke motsa ɗayansu, sai ya tsaya cak, iska ta riƙa zurarewa a banza. Abin da ya disashe muryar Inna ke nan, shi ne kuma ke sa ta ƙwarewa in tana shan ruwa. Likita yakan ɗura wani abu cikin wanda ya tsaya, ya yi kauri har ɗan'uwansa ya iya cim masa. In asid hiyaluronik aka sa, jiki na shanye shi cikin wata 3 zuwa 6. Akwai mai wuce shekara, akwai kuma kitsen da ake ɗebowa daga cikin mutum. Ta wucin gadi suke fara yi, don jijiyar kan farfaɗo da kanta cikin wata 6 zuwa 12, Inna kuwa ba ta daɗe da aikin ba.

Arahar da kuke ji ta mai katin Vitale ce, katin asurans na lafiya na gwamnatin Faransa: gwamnati ta biya kaso mafi yawa, asurans ta cike saura. Baƙon da ya zo jinya daga aljihunsa zai biya komai, ga biza, ga jirgi, ga masauki. Kuma nan ba a cika zuwa wurin likitan maƙogwaro haka kawai ba. Galibi sai likitanka ya rubuta maka takarda, ka nemi randebu, ka yi ta jira har watanni. A gida in da kuɗi a hannu, cikin sati an gan ka. Wannan kam kun fi mu.

Inda suka fi mu shi ne masu koyar da murya, waɗanda ke zama da mutum mako-mako yana gwaji har ta ƙara ƙarfi.

Ku ɗauko Inna daga Tahoua ku kai ta sashen ORL, wato na kunne, hanci da maƙogwaro, na babban asibitin ƙasa a Yamai, a leƙa maƙogwaron a ga ko tantanin na motsi. Zuma da citta ta ci gaba da sha, ba laifi, amma ba su tada jijiya. In ƙwarewar ta yi yawa ko tari ya zo da zazzaɓi, kada a kwana. Kuɗin mota na turo, ku aiko mini hoton takardar likita ta WhatsApp.