Littafin Hanuka ko na Idin Ƙetarewa: wanne za a fara saya wa yara?

Wata 'yar'uwarmu da ke zaune da iyalinta a Manchester ta ƙasar Ingila ta kawo tambaya. Yaranta biyu, mai shekara 5 da mai shekara 9, suna aji da 'ya'yan Yahudawa, sun kuma ishe ta da tambayoyi kan bukukuwansu. Ta leƙa shagon littattafai ta tarar littattafan yara masu zane iri biyu ne suka fi yawa: na bikin Hanuka da na Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke kira Pesak. Ɗaya take son saya yanzu, tana kuma tsoron kada ta kawo gida abin da zai rikita wa yaran abin da suke koya a islamiyya.

Maman yara, in ɗaya tak za ki saya, ni na Idin Ƙetarewa zan ce, da sharaɗin ki buɗe shi ki duba tun a shago. Amma bari na fara da na Hanuka, domin shi ne zai fara jan idon ƙaramin.

Hanuka kwana takwas ake yi, yana farawa ran 25 ga watan Kislev na kalandarsu, wato ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Asalinsa yaƙi ne. Wani sarki mai suna Antiyokus na huɗu, daga daular Girkawa da ta mulki Siriya, ya hana Yahudawa addininsu ya ƙazantar da Haikalinsu na Ƙudus. Wani gida da ake kira Makabiyawa suka yi masa tawaye, suka ƙwato Haikalin suka tsarkake shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya malamansu suka rubuta a Talmud, babban kundin shari'a da al'adunsu, cewa ɗan man zaitun mai tsarki da aka samu, wanda bai fi na dare ɗaya ba, ya yi kwana takwas yana ci. Littattafan yara sun fi riƙe wannan labarin man, yaƙin kuwa shafi ɗaya ko biyu suke ba shi.

Dalilin da ya sa yaro mai shekara 5 zai so irin wannan littafi a fili yake: ƙirga ne daga farko har ƙarshe. Akwai mazaunin kyandir mai rassa tara da ake ajiyewa a taga. Takwas na dararen bikin ne, na taran kuma, wanda yakan ɗan fi sauran tsayi, da shi ake kunna 'yan'uwansa. Daren farko kyandir ɗaya da mai kunnawa, dare na biyu guda biyu, haka har dare na takwas. Kwalin kyandir na bikin yawanci guda 44 ke ciki, daidai abin da dararen takwas ke buƙata. Duk shafin da aka buɗe haske ya ƙaru, yaro na bi da yatsa yana lissafi. Sannan ga wasan dreidel, wanda ake juyawa kamar katantanwar yaranmu, sai dai shi gefe huɗu gare shi, kowane da harafin Ibrananci: ɗaya ba ka ci komai ba, ɗaya ka kwashe duka, ɗaya ka ɗauki rabi, ɗaya kuma ka zuba naka a tsakiya. Da cakulan mai siffar tsabar kuɗi ko 'yan ƙananan alewa ake yi. Ga kuma soye-soye, tunda biki ne na mai: wainar dankalin Turawa da aka goge, da fanke mai jam a ciki.

Ta fuskar abin da kike tsoro, littafin Hanuka ba shi da wata ƙaya. Babu annabi a labarin, balle a zana shi. Abin da kawai zan ce ki lura da shi, wasu marubutan kan saka dodanni ko aljanu don labari ya yi armashi, ki duba ko ƙaraminki na jure irin wannan da dare.

Aibinsa a wurina shi ne yana ba yaro ma'auni marar daidai. Hanuka ƙaramin biki ne a addinin Yahudawa. Ba ya cikin Attaura, ba a hana aiki a cikinsa, mutane na zuwa kasuwa da ofis. Ya yi suna ne a Amurka da Turai saboda yana faɗowa kusa da Kirsimeti, iyaye suna so 'ya'yansu su ma su sami abin murna da kyaututtuka a watan da gari ya ɗauki ado. Masu ɗab'i suka bi kasuwa, shi ya sa kika ga ya cika kanta. Yaron da wannan kaɗai ya karanta zai ɗauka ya san babbar ranar abokinsa, alhali manyan ranakun suna can: sabuwar shekararsu da ake busa ƙahon rago a ci tuffa da zuma, da Yom Kippur da ake azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, sai kuma Idin Ƙetarewa.

Idin Ƙetarewa na farawa ran 15 ga watan Nisan, cikin Maris ko Afrilu. Kwana bakwai ne a Isra'ila, takwas a wurin mafi yawan Yahudawan wasu ƙasashe. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata na 13 sau bakwai cikin kowace shekara 19, don haka bikin ba ya zagaya shekara yadda azumi da Sallah ke yi mana. Kullum farkon bazarar Turai yake zuwa. Tunawa ake yi da fitar Banu Isra'ila daga bautar Fir'auna. Labarin da babbarki ta riga ta sani ne, kuma shi ne dai wanda hadisi ya ce Manzon Allah (SAW) ya tarar Yahudawan Madina na azumin Ashura dominsa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna karanta shi a littafin Fitowa, sura ta 12.

Abin da ya sa na fifita littafin wannan idi shi ne shi kansa bikin don yara aka gina shi. Daren da ya gabace shi ana yawo a gida da kyandir da gashin tsuntsu ana neman ɓurɓushin burodi, saboda ba a son ko ƙwayar abu mai yisti ta saura a gidan a kwanakin idi. Gurasar da ake ci, matsa, fulawa ce da ruwa kawai, daga kwaɓi zuwa gashi ba a wuce minti 18, tunawa da cewa an fita Masar cikin gaggawa ƙullu bai tashi ba. A daren idi iyali na zama cin abincin da ake kira seda. A faranti akwai ganye mai ɗaci don ɗacin bauta, da ruwan gishiri don hawaye, da wani haɗin 'ya'yan itace da gyaɗar Turai mai launin laka don tubalin da aka sa su bugawa. Sai autan gida ya miƙe ya rera tambayoyi huɗu kan abin da ya sa daren nan ya bambanta: me ya sa matsa kaɗai, me ya sa ganye mai ɗaci, me ya sa ake tsoma abinci sau biyu, me ya sa kuma ake ci a kishingiɗe. Duk sauran daren amsa ce ga wannan yaro. Can kuma an ɓoye guntun matsa a wani lungu, ba a tashi daga teburi sai yara sun nemo shi an ba su tukuici. Idan aka zo lissafa annobai goma da suka sauka a Masar, kowa na ɗiga ɗigo ɗaya daga kofinsa a kan kowace annoba, wai murnarsu ta ragu tunda wasu bayin Allah sun wahala. Wannan wurin yana burge ni ƙwarai, kuma littafi mai kyau ba ya tsallake shi. Yarinya mai shekara 9 da ta karanta wannan za ta fahimci dalilin da ƙawarta ke zuwa makaranta da busasshiyar gurasa mako guda, ta kuma ƙi karɓar biskit ko da an matsa mata.

Sharaɗin da na ambata kuwa ga shi. Littattafan Idin Ƙetarewa kashi biyu ne. Akwai masu ba da labarin Masar kai tsaye, kuma waɗannan kusan duka suna zana Annabi Musa (AS) da fuska da gemu da sanda, har da jaririn cikin kwando. Akwai kuma masu nuna iyalin yau a gidansu, kaka da jikoki a teburi, labarin Masar yana fitowa daga bakin manya. Ki nemi kashi na biyu. Ba ki rage komai ba, domin ko a Haggada, littafin da suke karantawa a daren, da ƙyar ake ambaton sunan Annabi Musa. Kuɓutarwar ga Allah ake jingina ta.

Ki kuma shirya wa tambayoyin babbar, don za ta kamo bambance-bambance. A Attaura 'yar Fir'auna ce ta tsinci jaririn, a Alƙur'ani matar Fir'auna ce ta ce kada a kashe shi. Su annoba goma suke ƙirgawa, Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara da aka ba Annabi Musa, a Suratul A'araf kuma ya jero ɗufana da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Ban ga abin tsoro a nan ba. Ki ce mata ga yadda su suke faɗa, ga yadda ya zo mana, yarinya mai shekarunta na iya riƙe biyun ba ta cakuɗa ba. Za ta ga kofuna huɗu na ruwan inabi a zane. Na manya giya ce a yawancin gidaje, yara kuwa marar bugarwa ake ba su, gara ta ji daga bakinki. Ana rufe daren da fatan baɗi a Ƙudus, kalmar da suke faɗa ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Wasu littattafan suna tsayawa a al'adar gida, wasu suna ƙara tuta da taswira. Ki duba shafukan ƙarshe ki ga wanne ne a hannunki, ke kika san lokacin da za ki buɗe wa 'yarki zancen Falasɗinu da kanki.

Wani abu da littattafan biyu suka haɗu a kai: mafi yawansu al'adar Yahudawan gabashin Turai suke nunawa, da dusar ƙanƙara a taga da wainar dankali. A nan ma na Idin Ƙetarewa ya fi faɗi in an dace. Yahudawan Turai ba sa cin shinkafa da wake a kwanakin idin, da yawa daga na ƙasashen Larabawa suna ci. Na Maroko suna da bikin Mimuna a daren da idi ya ƙare, inda a da maƙwabtansu Musulmi ke kawo musu fulawa da man shanu da zuma don a yi abincin farko mai yisti. In kika ci karo da littafin da ya nuna wannan, kada ki bar shi. Zana littafin idin ma tsohuwar al'ada ce: akwai wata Haggada mai zane da aka yi a Sifen wajen 1350, tana gidan tarihi na Sarayebo a ƙasar Bosniya, kuma wani ma'aikacin laburare Musulmi, Derviš Korkut, shi ya ɓoye ta daga 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu.

Wajen zaɓe, ki duba bango ko akwai tambarin kyautar Sydney Taylor, wadda ƙungiyar laburaren Yahudawa ke bayarwa tun 1968, ko sunan kamfanin Kar-Ben da ya daɗe yana buga irin waɗannan. Akwai kuma shirin PJ Library da aka fara a Amurka a 2005. Iyalan Yahudawa yake aika wa littattafai kyauta, amma jerin abin da suka zaɓa na nan a intanet bisa shekarun yaro, kowa na iya dubawa. Yawancin littattafan shafi 32 ne, minti biyar ya isa ki karance ɗaya a tsaye kafin ki biya kuɗi.

Ƙaramin kuma ba sai an bar shi hannu rabbana ba. Littattafan Hanuka sun yi yawa a laburaren unguwa, sai ki aro masa ɗaya tun farkon Nuwamba kafin makarantu su kwashe, kuɗinki kuma ya tafi ga na babbar, wanda shi ma zai gada nan da shekara biyu ko uku.