Sirdin soso na kwalekwale: wanne za ka saya, da me za ka kafa shi?

Mai tuƙa kwalekwale a kogi mai gudu da duwatsu ba ya zaman benci. Durƙusawa yake yi, gwiwoyi a ƙasa, mazaunai a kan wani dunƙulen soso da ake kira sirdi. Ta nan ƙugunsa ke juya jirgin. Sirdin da ke motsi a ƙarƙashinka, ko wanda ya riƙe ka ya hana ka fita bayan an kife, duka biyun haɗari ne, kuma na biyun ya fi muni.

Maganar soson kanta gajeriya ce. Nemi wanda ake kira Minicell, mai rufaffun ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa. Soson katifa ba ya wannan aiki, zai jiƙe ya yi nauyi ya lotse. Tsayi kuwa, yawancin masu tuƙi suna tsayawa tsakanin inci 7 da 9. Gajeren sirdi yana sa jirgi ya zauna daram, amma ƙafa na saurin sagewa, dogo yana hutar da gwiwa amma yana ƙara tangaɗi. Sayi mai ɗan tsayi. Ragewa da wuƙa da samfefa abu ne mai sauƙi, ƙarawa kuwa sai da gam da haƙuri.

Zaɓi na gaske yana tsakanin iri biyu. Akwai sirdi zalla, wanda ake haɗawa da maɗauran cinya da aka ɗaure a zobba a ƙasan jirgi. Akwai kuma mai bango a gaba, wato babban soso da aka fafe masa ramuka biyu, ka zura gwiwoyi da cinyoyi ciki. Maɗauri yana sassautuwa yana tsukewa, don haka mutum biyu masu jiki daban za su iya aiki da jirgi ɗaya, kuma yana riƙe cinya sosai ga mai son juyo da kwalekwale bayan ya kife. Aibinsa shi ne igiya ce a jikinka cikin ruwa mai ƙarfi. Dole ya kasance da abin kwancewa da hannu ɗaya zai ja ko ido a rufe. Mai bango ba shi da abin ɗaurewa, ka zame baya ka fito, shiga ma nan take ne. Sai dai an sassaƙa shi ne daidai jikin mutum ɗaya, kuma in an sa kayan sanyi masu kauri yana iya matsewa. Ni dai ga wanda jirgin nasa ne shi kaɗai, mai bango nake zaɓa, saboda saurin fita.

Kafin ka biya kuɗi, duba da me aka yi jikin kwalekwalenka, domin shi ne zai faɗa maka yadda za a kafa sirdin. Royalex, wani nau'in roba mai ABS a ciki, wanda aka daina ƙerawa a 2014 amma har yanzu ya cika kasuwar tsofaffin jirage, yana karɓar gam lafiya lau. Haka ma T-Formex, wanda kamfanin Esquif na Kanada ya fito da shi don maye gurbinsa. A kan waɗannan, gam irin wanda ake shafa wa fuska biyu a bari ya sha iska, kamar Weldwood, ya wadatar. Goge wurin da samfefa kaɗan, share da sifirit, kada ka kusanto da sinadarin asiton domin yana cin robar ABS. Shafa siriri, sau biyu a kan soson tunda yana tsotsewa, jira har ya daina bin yatsa. In ka haɗa da ɗanyen gam, ruwan sinadarin zai maƙale a ciki ya tausasa ƙasan jirgin. Kuma da zarar fuskokin sun taɓa juna, shi ke nan, babu gyara. Zana layi da fensir tukuna.

Jirgin robar foliyetilin labarinsa daban. Gam ba ya kama ta da kyau. Wasu suna gilma harshen wutar gas a kanta da sauri sannan su sa wani gam mai ƙarfi da ake kira G/flex, yana kuwa kamawa, amma ban yarda a dogara da shi kaɗai ba. A nan sandunan gicciye ne abin dogaro: a yanke gurbi a saman soson, sanda ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ɗaure su da noti a bakin jirgi su danne sirdin. Ko a Royalex ɗin ma, ƙara sanda a baya yana rage wa gam wahala, domin duk lokacin da jirgi ya kife, soson yana ƙoƙarin tasowa sama yayin da cinyoyinka ke fizgarsa.

Abu ɗaya da masu saye ke mantawa: ƙasan sirdi ya kasance da hanyar ruwa, rami ko guntun bututu, don ruwan da ya shigo ya ratsa daga gefe zuwa gefe. In babu, zai taru a ɓangare ɗaya ya karkatar da kai.

Kada ka manna komai ranar da ka saya. Riƙe sirdin da salatif mai ƙarfi, kai jirgin ruwa mai kwanciya, sa wani ya tsaya a gaɓa ya duba ko goshi ko gindi ya nutse fiye da kima. Yawanci ƙugu yana ɗan bayan tsakiyar jirgi, amma inci ɗaya gaba ko baya yana canza yadda yake juyawa. Bayan ka kafa, koma ruwan nan da takalman da za ka sa a kogi, abokinka a tsaye kusa, ka kifar da jirgin da gangan. In ka yi kokawa kafin ka fito, ɗauki wuƙa ka ƙara fafe soson.