Akwatin ajiye bindiga mai lasisi: wanne ya dace ka saya a Kumasi?

Tun da labari ya bazu a unguwar Aboabo cewa na canza wurin ajiye bindigar gonata, 'yan uwa masu lasisi ke tare ni bayan sallah suna tambaya wane irin akwati na saya. Bari in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya gani.

A Ghana 'yan sanda ne ke ba da lasisin bindiga, ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta 1972 da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, kuma duk shekara ake sabunta shi. Lasisin naka ne kai kaɗai. Bai shafi ɗanka ba, bai shafi ƙaninka ko yaron gonarka ba. Idan bindigar ta shiga hannun wani, sunanka ne a rajista, kai za a nema. Saboda haka kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, je ofishin da ka yi rajista ka tambayi jami'in abin da suke son gani a wurin ajiya, ka yi sayayya bisa amsarsa.

Kabad na katako mai gilashi ado ne, a cire shi daga lissafi. Mai buɗewa da zanen yatsa kuma, hannun manomi da ya sha adda da gumi ba kullum yake gane shi ba. Wanda masu walda ke ƙerawa a Suame Magazin yana iya yin ƙarfi ƙwarai idan ka samu gwani, sai dai babu wata takardar gwaji da ke bayansa.

Ni nawa zaɓin kabad ne na ƙarfe dogo, mai buɗewa da makulli, wanda aka ƙera bisa ma'aunin Ingila da ake kira BS 7558 na 1992. A wannan gwajin ana sa mutum ya afka wa kabad ɗin da kayan aikin hannu irin waɗanda ɓarawo ke ɗauka, dole ya jure minti 5 bai buɗe ba. Kaurin ƙarfen da 'yan sandan Ingila ke nema bai gaza milimita 2 ba. Wani zai ce minti 5 ai ba komai ba ne. A gidan haya na zango, inda tari ma maƙwabci na ji, minti 5 na dukan ƙarfe ya isa ya tashi gida duka. Nawa yana da kuba biyu, sama da ƙasa, hinjinsa a ɓoye ta ciki, bakin ƙofar a lanƙwashe yadda ƙarfen banƙara ba zai samu wurin shiga ba. A can sama akwai ƙaramin ɗaki mai makullinsa daban na harsasai. Wannan ɗakin ne ya fi kwantar mini da hankali, don ko an kai ga bindigar ba a kai ga abin da za a ɗura mata ba. Kabad ɗin ba ruwansa da batir. Makullin yana jikina, na ko-ta-kwana kuma ba a gidan yake kwana ba.

Mai hali yana iya hawa sama ya nemi mai lambar ma'aunin Turai EN 1143-1, wanda Jamus ta wajabta wa masu sabon saye tun 2017. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma nauyinsa da kuɗinsa sun wuce buƙatar mai bindigar farauta guda ɗaya.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na farko da na saya mai danna lamba ne, daga wani shago a cikin gari. Fenti baƙi yana sheƙi, ga tambarin zinariya an rubuta an gwada shi a Turai. Na ɗaga na ji nauyi, na biya. Damina ɗaya ya yi batir ya zubar da ruwa a ciki, lambobin suka mutu, makullin ko-ta-kwana ya karye a rami. Na kira mai walda. Ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ba sai na kunna inji ba." Da sukundireba babba ya tura gefen ƙofar, ta lotsa kamar murfin gwangwanin madara. Na ce, "Masta, to nauyin fa?" Ya ɓare rufin ciki ya nuna mini: siminti aka zuba tsakanin langalanga biyu. Jikina ya yi sanyi, domin a ɗakin nan jikokina ke wasa.

Don haka kada nauyi ya ruɗe ka, kada fenti ya ruɗe ka. Tafi da wanda ya san ƙarfe, ya auna kaurin bango da na ƙofa a gabanka, domin wasu sukan yi ƙofa mai kauri su bar baya da gefe kamar takarda. A masu lambar EN, shaidar gwaji ta gaskiya faranti ne da aka kafa a cikin ƙofa, ɗauke da lambar ma'auni da lambar akwatin. Sitika da farce ke ɓarewa kowa na iya bugawa. Sandunan kulle masu ƙyalli ma a duba su, akwai waɗanda bututu ne fanko. Idan na hannu ne da aka shigo da shi ta tashar jiragen ruwa ta Tema, ƙirga makullan, ka tambayi nawa ya zo da su, in ka ji kame-kame ka canza kubar gaba ɗaya. Mai shagon da ya ce maka "'yan sanda sun amince da wannan", ce masa ya rubuta a rasit ya sa hannu, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Ko wanne ka saya, idan ba a ɗaure shi ba, mutum biyu sun isa su ɗauke shi su buɗe a daji. A huda a kafa shi da manyan notuna a ginshiƙin kankare ko a daɓen siminti, domin bulo mai rami ba ya riƙe noti. A sa shi a lungun da baƙo ba ya gani, ɓangaren kubar na manne da bango. Sannan laimar Kumasi ba ta raga wa ƙarfe: ɗora shi kan katako siriri kafin a ɗaure, ka zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa buɗewa duk mako biyu kana shafa wa bindigar mai.