Gidan tarihin Akrofolis a Atina: ka san labarin kafin ka sayi tikiti

Yawancin masu zuwa Atina, babban birnin Girka, suna fara hawa dutsen Akrofolis da sassafe, sai rana ta gasa su sannan su gangaro gidan tarihin da ke gindinsa a gajiye, su zagaya cikin minti arba'in su fita. Wannan kuskure ne. Abin da ke kan dutsen kango ne da ginshiƙai. Sassaƙar da ta ƙawata su kuwa, wadda ta rage a Girka, yawancinta tana cikin wannan gini. Wanda ya fara da nan, idan ya hau sama zai san me yake kallo.

An buɗe gidan a watan Yunin 2009, Bernard Tschumi da Michael Photiadis ne suka tsara shi. Yana kan titin Dionysiou Areopagitou, 'yan taku kaɗan daga tashar Akropoli ta jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tikitinsa daban yake da na hawa dutsen, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa: tun Afrilun 2025 na gidan tarihin yuro 20 ne, na dutsen yuro 30. Babbar jaka sai an ajiye ta a wurin masu tsaro. Ranar Juma'a ba a rufewa sai ƙarfe 10 na dare. Wani abu da ba a cika faɗa ba: wasu sassan daɓen gilashi ne, na ƙasa yana hango na sama, don haka mace mai zani ko siket ta sa wando a ciki. Mai zuwa da iyali kuma ya sani da yawa daga mutum-mutumin maza tsirara aka sassaƙa su.

Da shigarka za ka tarar da wata hanya mai faɗi da ke hawa a hankali, kwaikwayon gangaren dutsen. Jama'a na wuce ta a guje, alhali a nan rayuwar gida take. Cikin akwatunan gilashi akwai dogayen tuluna masu siririn wuya da ake kira lutroforos. Da su ake ɗebo ruwan wankan amarya daga marmaron Kalirowe, bayan biki kuma a kai tulun wurin bautar Nimfe, mai kula da aure, a ajiye. Kalmar nimfe a Girkanci tana nufin amarya. A jikin tulunan an zana 'yan rakiya da fitilun itace a hannu, ga ango ya riƙe wuyan hannun amarya yana jan ta zuwa gidansa, ita kuma ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi. Duk wanda ya taɓa ganin kai amarya ba ya bukatar tafinta a nan.

Bene na farko shi ne ya fi kowanne kyau. Babban zaure ne mai hasken rana, mutum-mutumin suna tsaye a fili, kana iya zagaya kowanne. Dalilin da ya sa suka tsira abin mamaki ne: Farisawa sun ƙone Akrofolis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atina suka binne abin da ya karye, ya zauna a ƙasa har aka tono shi a shekarun 1880. Shi ya sa har yau ake ganin ragowar jan fenti a gashin 'yan matan da ake kira Kore da bakin rigunansu. Masu zaton sassaƙar Girkawa fara ce fat tun asali, nan za su gane ba haka ba ne. A wannan zauren an hana ɗaukar hoto, kuma masu gadi ba sa ɗaga ƙafa.

Ka tsaya a gaban mai ɗauke da maraƙi, aikin wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum ne da ɗan maraƙi a kafaɗa, hannayensa da ƙafafun dabbar sun gicciye a ƙirjinsa. Duba dutsen da yake tsaye a kai: sunan wanda ya ba da shi, Rombos, an rubuta shi daga dama zuwa hagu, kamar ajami. A lokacin Girkawa ba su gama tsayar da alkiblar rubutunsu ba, wanda suka aro daga Finikiyawa.

Sai matan nan da suka ɗauki rufin ginin Erektiyon a ka, Karyatid. Su shida ne, biyar suna nan, an bar gurbin ta shidan wayam domin tana Landan. An sauko da su daga dutsen a 1979 saboda gurɓatacciyar iska na cin su, na can sama kwafi ne. Ka zagaya bayansu. Kitson kowacce daban ne, kuma kaurin gashin da ya sauko bisa ƙeya dabara ce ta magina, don wuya shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin ba.

Ga babban aibin gidan. Rubutun da ke jikin kayan, cikin Girkanci da Turanci, yana ba ka suna da shekara da irin dutse, amma labari kaɗan ne. An ɗauka ka zo da shi a kanka. Misali, akwai wata mace tsaye, yaro ya manne da rigarta. Baƙo zai ce uwa da ɗa, ya wuce. Frokne ce ta tatsuniyar Girkawa da ɗanta Itis, a daidai lokacin da take yanke shawarar kashe shi don ta rama abin da mijinta Tereyus ya yi wa ƙanwarta Filomela, wadda ya keta wa haddi ya kuma yanke mata harshe. Da ka san haka, yadda yaron ke murɗa jiki cikin rigar sai ya zama wani abu dabam.

Haka abin yake a bene na uku, zauren Fartenon, ɗakin gilashi da aka karkata shi ya yi daidai da haikalin da kake hangowa ta taga. An gina Fartenon tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙarƙashin kulawar masassaƙi Fidiyas. Labari huɗu sun isa ka fahimci zauren. Sassaƙar goshin haikalin na gabas haihuwar Atena ce, allahiyar birnin a wurinsu: Ziyus, babban abin bautarsu, ya haɗiye matarsa Metis tana da ciki, kansa ya yi ciwo, Hefestos ya sara da gatari, Atena ta fito da kayan yaƙi. Goshin yamma gasa ce kan wa zai mallaki birnin: Fosaidon, abin bautarsu na teku, ya soki dutse ruwan gishiri ya ɓullo, Atena ta tsirar da zaitun, ta ci. Alluna 92 na kewaye yaƙe-yaƙe ne, kuma na kudu sun fi tsira: bikin auren Firitus ne, inda halittun nan rabi mutum rabi doki suka bugu suka nemi sace amarya da mata. Na huɗu, doguwar ɗamara mai tsawon mita 160, jerin gwanon bikin Atena ne, da mahaya da shanun yanka. A gefen gabas ka nemi Afrodayit, allahiyar soyayya a wurinsu, ɗanta Eros ya jingina da gwiwarta riƙe da lema. Daga sunansa Girkawa ke kiran soyayyar sha'awa eros, suna bambanta ta da filiya, ƙaunar aminai.

Launi biyu za ka gani. Mai ruwan zuma shi ne na asali, farin kuma filasta ce a madadin abin da jakadan Birtaniya Lord Elgin ya kwashe daga 1801, lokacin mulkin Turkawa, yanzu yana Gidan Tarihin Birtaniya. Kusan rabin abin da ya tsira yana can. Dukan zauren ƙorafi ne da aka gina da gilashi, kuma ya yi tasiri: guntun ƙafar allahiya Artemis ya dawo daga Falermo ta Italiya a 2022, fadar Fafaroma ta maido gutsure uku a 2023. Sai dai gidan ya taƙaita wani babi. Haikalin ya yi ƙarnoni yana coci, sannan ya zama masallaci bayan Turkawa sun karɓi Atina, kafin harsashin sojojin Benis ya faɗa kan albarushin da aka tara a ciki a 1687. Wannan sai a ɗan gajeren bidiyon da ake nunawa a ƙofar zauren, wanda ake juya shi tsakanin Girkanci da Turanci. Ka kalle shi kafin ka shiga.

Gidan abincin bene na biyu yana da baranda mai fuskantar dutsen, kuɗinsa ya ɗara na cikin gari, shayi ko kofi ya wadatar. Tsohuwar unguwar da aka tono a ƙarƙashin ginin, da gidajenta da wuraren wanka, an buɗe ta ga baƙi a 2019, tikitin nan ɗaya ya haɗa da ita. Ka ware awa uku. Idan da hali ka zo Juma'a bayan la'asar, ka bar bene na uku sai an kunna fitilun Fartenon, washegari da ƙarfe 8 na safe ka hau dutsen.