Tangistin ko Beriliyam: Wanne Ya Dace da Bangon Tokamak?

A cikin na'urar tokamak, wadda ake gwajin samar da makamashi da ita ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, zafin filasma (iskar gas mai tsananin zafi) kan haura digiri miliyan 100, kuma duk ƙarfin maganaɗisun da ke riƙe da ita, sai gefenta ya lashi bango. Abin da ta kankaro kuwa cikinta yake komawa.

Nan ƙarfen beriliyam ya yi zarra. Lambarsa 4 ce a jadawalin sinadarai, ɓurɓushinsa ba ya sanyaya filasma sosai, ga shi yana zuƙe oksijin. Sai dai yana narkewa a digiri 1287, yana saurin zaizayewa, ƙurarsa kuma guba ce ga huhu.

Ƙarfen tangistin kuwa sai a digiri 3422 yake narkewa, da ƙyar ake kankare shi. Aibinsa nauyi: lambarsa 74, ko a tsakiyar filasma ba ya rabuwa da dukkan elektiron ɗinsa, sai ya riƙa zubar da zafin a matsayin haske. Ƙwaya ɗaya cikin dubu goma ta isa ta kashe wutar. Bugun zafi a kai a kai kuma yana tsattsaga fuskarsa.

Na'urar tokamak ta JET a Ingila ta haɗa su biyun a 2011, tangistin a ƙasa inda zafi ya fi tsanani. A 2023 ITER, babbar tokamak ta ƙasa da ƙasa da ake ginawa a Faransa, ta jingine beriliyam ta koma ga tangistin, kuma a ganinmu ta yi daidai, ko da yake yanzu dole a riƙa shafa wa bangon siririn boron don kama oksijin.