Kafin ka sayi kwamfresa da fayif na wurin wankin mota, tsaya ka ji

Jama'a masu shirin buɗe wurin wankin mota a Gombe, da waɗanda suka riga suka buɗe suna so su ƙara bindigar iska da tankin kumfa, maganar nan taku ce. Abin da nake gani a wurare da dama daga Tumfure har Pantami shi ne mutum zai zuba kuɗinsa kaf a kan kwamfresa, in an zo kan fayif da regileta sai ya ce a sa ko wanne ma, alhali nan ne aikin yake lalacewa.

Kwamfresan dai kala biyu za ka fi tararwa. Akwai ƙaramin nan mai lita 25 ko 50 wanda motonsa ke manne da kan famfon, yana da araha kam, amma gudunsa ya yi yawa, ga ƙara ga saurin ɗaukar zafi, in ka haɗa shi da zafin Maris da Afrilu da ake kaiwa digiri 40 sannan yara suna busa kujeru tun safe har la'asar, ba zai yi maka ƙarko ba. Sai mai bel, irin na masu faci, tanki lita 200 ko 300 da moto doki 3. Ni shi zan ce ka saya, yana juyawa a hankali, bai cika zafi ba, kuma makanikanmu sun san cikinsa. Amma kar girman tanki ya ruɗe ka, tambayi lita nawa yake bayarwa a minti, kuma ka sani lambar da ke jikin sitika sau da yawa iskar da yake zuƙa ce, wadda ke fitowa takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. In da janareta za ka yi aiki ka tuna moto yana jan wuta ninkin-ba-ninki lokacin tashi, ƙaramin janareta durƙushewa zai yi.

To fayif. Don Allah don Annabi kar wanda ya ja iska da fayif ɗin PVC na ruwa, ko filamba ya ce maka ya sha yi. In ruwa ne a ciki ya tsage zuba kawai zai yi, iska kuwa a matse take, ranar da rana ta gama gasa robar ya fashe, tarwatsewa yake kamar kwalba, ga yara tsaye a wurin ba abin kare ido. Wannan ba wurin neman sauƙi ba ne.

Fayif ɗin ƙarfe GI shi ne na talaka mai hankali, ana samunsa ko'ina a shagunan kayan famfo, yana jure duka da rana, matsalarsa nauyi da yankan zare, kuma in shekaru suka ja yakan fara ɓarɓashin tsatsa daga ciki, shi ya sa dole filta a ƙarshen layi. PPR, koren nan da ake haɗawa da wuta, ba ya tsatsa kuma aikinsa da sauri, sai dai ka tabbatar kamfanin ya rubuta an yarda a ja iska da shi, kar rana ta dinga dukansa, kar kuma a fara shi daga bakin kwamfresa inda iska take fitowa da zafi. Na alminiyam ya fi su duka, amma kuɗi, kuma kan haɗinsa sai ka aika Kano ko Legas. Masu shimfiɗa doguwar tiyo a ƙasa mota tana takawa kuwa, iska suke asara, kafin ta kai bindiga ƙarfinta ya faɗi.

Babban layi a sa inci 3/4, rassan da ke sauka rabin inci. Tsakanin kwamfresa da fayif a sa gajeriyar tiyo mai ƙarfi saboda girgiza. A ɗan karkata layin, kamar santimita 1 a kowace mita, zuwa wani bawul a ƙarshe da za a dinga zubar da ruwan da iska ke tarawa a cikin fayif, sannan kowane reshe ya fita ta saman fayif ya lanƙwaso ƙasa, in ya fita ta ƙasa duk ruwan da ya taru a kujerar kwastoma zai ƙare, musamman Yuli da Agusta.

Maganar firesha, wato ƙarfin matsin iska, mutane suna haɗa abu biyu. Suwic ɗin da ke kan tanki aikinsa kunna moto da kashewa, galibi ya tashi a bar 6 ya tsaya a bar 8, wato wajen psi 116 (bar da psi ma'aunan firesha ne). Regileta ita ce take rage iskar zuwa abin da kowane kaya yake so. Yawancin kayan iska psi 90 suke aiki, tayar ƙaramar mota kuwa 30 zuwa 35 ne, tankin kumfa kuma ka duba iyakar da aka rubuta a jikinsa kar ka wuce. Don haka regileta ɗaya a bakin kwamfresa ba ta isa ba, kowane wurin aiki a ba shi tasa mai geji da kofin tare ruwa. Za a nuna maka mai kofi biyu, ɗayan na ɗiga mai ne, kar ka sa shi a layin busa cikin mota, zai ɓata kujera da rufi. A layin tankin kumfa a sa bawul mai hana komawa baya, in ba haka ba ruwan sabulu zai bi fayif ya koma.

Bawul ɗin kariya na kan tanki kuma, mai zoben nan, in ya fara huci a sayi sabo, kar a toshe shi. Mai sayen tsohon kwamfresa ya kwance magudanar ƙasan tankin a gaban mai kaya, in jan ruwa mai ɓarɓashi ya zubo da yawa ko ka ga an taɓa yi wa tankin walda, bar musu kayansu. Wanda ka saya kuma a dinga zubar masa da ruwa kullum in an tashi aiki, lokacin hunturu a dinga kakkaɓe filtar shan iska duk sati saboda ƙura.